Elizabeth Cotten, bahaguwar da ta juya jita ta bar wa duniya salo

A shekarar 1957 wata waƙa mai suna Freight Train, wadda ke magana a kan jirgin ƙasa na dakon kaya, ta cika gidajen rediyon Ingila. Ƙungiyar Chas McDevitt ce ta kaɗa ta, wata mawaƙiya 'yar birnin Glasgow da ake kira Nancy Whiskey ta rera, har ta kai matsayi na 5 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a ƙasar. Sunaye biyu aka yi wa rajista a matsayin masu waƙar, Paul James da Fred Williams. Wadda ta ƙirƙiro ta kuwa tana can birnin Washington na Amurka, shekarunta 64, tana aikatau a gidajen mutane, ba ta taɓa hawa dandali ba, babu kuma faifai ko ɗaya mai ɗauke da sunanta. Ita ce Elizabeth Cotten, kuma tun tana yarinya 'yar wajen shekara 11 ta shirya waƙar.

Idan ana ba da labarinta an fi kawo shi a matsayin labarin sa'a: wata baiwar Allah ta tsinci yarinyar da ta ɓata a kanti, ashe 'yar gidan masana kiɗa ce, daga nan ƙofa ta buɗe. Haka ɗin aka yi, babu ƙarya a ciki. Amma a ganina duk wanda ya tsaya a nan ya tauye mata haƙƙi. Sa'ar ta zo ne ta tarar da aikin da aka riga aka gama, aka adana shi kusan rabin ƙarni. Abin da ya kamata a tambaya shi ne me ya hana a ji shi da wuri, da aka ji shi kuma wa ya fara cin moriyarsa.

An haife ta ranar 5 ga Janairun 1893 a yammacin garin Chapel Hill da ke jihar Karolina ta Arewa, a unguwar da daga baya ta zama garin Carrboro. Sunan gidansu Nevills, ita ce auta cikin 'ya'ya biyar. Shekara 28 ke nan kacal da haramta bauta a Amurka, kuma ɗan 'yancin da baƙar fata suka samu bayan yaƙin basasa ana ta ƙwace shi ɗaya bayan ɗaya. A 1896 kotun ƙoli ta halatta raba fari da baƙi a taragon jirgi, hukuncin da ya zama hujjar wariya a makarantu da sauran wuraren jama'a. A 1900 jiharsu ta yi wa tsarin mulkinta gyaran da ya raba akasarin baƙar fata da ƙuri'a. Ko sunan garin ma yana ɗauke da wannan tarihi. A 1913 aka raɗa masa sunan Julian Carr, attajirin da ya mallaki masaƙar auduga a wurin, kuma a shekarar ce mutumin ya tsaya gaban jama'a a jami'ar Chapel Hill yana alfahari da cewa ya taɓa zane wata baƙar mace da bulalar doki.

Unguwar kanta jirgin ƙasa ne ya kafa ta. A 1882 aka shimfiɗo reshen layin dogo zuwa Chapel Hill, aka ajiye tashar kimanin mil guda daga jami'a, sai masaƙa da gidajen leburori suka taru a kewayenta. Gidansu na kusa da layin, tana kwance da dare tana jin jirgi yana wucewa. A gida ba a kiranta sai da sunan lele irin na ƙanwa. Ranar da ta fara zuwa makaranta aka tambaye ta sunanta, sai ta ce Elizabeth, sunan ya bi ta har kabari.

Kayan kiɗan da ta fara taɓawa banjo ne na yayanta, tana wajen shekara 7, takan ɗauko shi idan ya fita. Banjo ba baƙo ba ne ga ɗan Afirka ta Yamma. Bayin da aka kwashe ne suka ƙera shi a tsibiran Karibiyan da Amurka bisa abin da suka baro a gida: ƙoƙon duma a rufe shi da fata, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya. Masana sun fi danganta shi da akontin na mutanen Jola a Senigal da Gambiya, amma wanda ya san gurmi zai gane dangin da zarar ya ga zanen banjo na farko-farko. Da yayan ya bar gida ya tafi da abinsa, sai ta shiga neman nata. Ta bar makaranta tun tana ƙarama ta kama aikatau a gidan farar fata, ana biyanta santi 75 a wata. Jitar da ta sa wa ido kuɗinta dala 3.75 ne, albashin wata biyar cif ke nan idan ba ta taɓa ko santi ɗaya ba. Ta tara, aka saya, tana kiranta Stella.

Matsalar ita ce bahaguwa ce, jitar kuma don masu dama aka ƙera ta. Jita tana da tsirkiya shida. Idan mai dama ya rungume ta, masu kauri, masu amo mai zurfi, su ne a sama, siraran masu zaƙin murya kuma suna ƙasa wajen cinya. Hannun hagu yana danne tsirkiya a wuyan jitar, na dama yana kaɗawa, don haka babban yatsa kan sauka a kan masu kauri, manuni da na tsakiya su ɗauki sirara. Bahago ko dai ya tilasta wa kansa amfani da dama, ko ya kwance tsirkiyoyin ya sake jera su kamar yadda shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix ya yi daga baya, ko kuma ya juya jitar kawai ya bar tsirkiyoyin yadda ya same su. Wannan ta ƙarshen Elizabeth ta bi, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a kan kayan aro ta fara, wanda ba ta da ikon kwance masa ko tsirkiya ɗaya.

Da ta juya jitar, siraran tsirkiyoyi suka dawo sama inda babban yatsanta yake, masu kauri suka koma ƙasa inda manuninta ke kaiwa. Sai aikin yatsun ya musanya. Babban yatsa ke fitar da karin waƙar, manuni kuma ke riƙe amon ƙasa, yana kai-komo tsakanin tsirkiyoyi masu kauri ba ya tsayawa. Aikin manunin nan kamar na kuntuku ne a kiɗan kalangu, yana riƙe da taki ba ya kaucewa, kalangu kuma yana ta magana a kansa. Sai dai a nan hannu ɗaya ke yin duka biyun.

Musanyar nan ce ta ba kiɗanta muryar da ba a samu wajen wani ba. Babban yatsa ya fi sauran nama da nauyi, idan ya sauka kan siririyar tsirkiya yakan ba da amo cikakke mai taushi, ba mai tsini irin na farce ba. Manuni kuwa daga ƙasa yake figo mai kauri zuwa sama, sai amon ƙasan ya fito da sauƙi bai danne waƙar ba. Hannun da ke danne tsirkiya shi ma bai huta ba. Duk zanen da ke cikin littattafan koyon jita, mai nuna inda kowane yatsa zai zauna, ba shi da amfani a gare ta, ko kallon hannun wani makaɗi ba zai nuna mata hanya kai tsaye ba, dole ta nemo mazaunin kowane amo da kunnenta. Akwai wasu bahagwai da suka yi suna da juyayyiyar jita, irin su Albert King da Otis Rush, amma su jitar lantarki suke kaɗawa, yawanci amo ɗaya bayan ɗaya, ga ƙungiya a bayansu tana riƙe taki. Ita kuwa ita kaɗai take zama a kujera ta yi aikin mutum biyu. Har yau makaɗa na kiran wannan salo da sunanta.

Ana cewa ita ta koya wa kanta, kuma gaskiya ne, ba ta taɓa zama gaban malami ba, ba ta kuma karanta rubutun kiɗa. Sai dai kada a ɗauka daga iska ta tsinto abin da take kaɗawa. Yankin da ta taso, wanda ake kira Piedmont, tsakanin tsaunukan Appalachia da filayen gabar tekun Atlantika, yana da nasa salon jita da ya sha bamban da na Misisipi. Na Misisipi nauyi gare shi da kuka, na Piedmont kuwa sauƙi gare shi da tsalle, domin ya ɗebo daga kiɗan piyano na ragtime, inda hannun hagu ke riƙe taki na dama yana wasa. Birnin Durham, cibiyar cinikin taba a wancan zamani, yana nan kusa da su, a can ne Blind Boy Fuller da Rabaran Gary Davis suka yi ta kaɗawa a bakin rumbunan taba a shekarun 1930. Ita ta girme su duka biyun.

Abin da ta tara a kanta ya haɗa waƙoƙin coci, kiɗan rawa, kiɗan fareti irin na 'yan badujala, da kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. A tsakiyar ƙarni na 19 wani malamin kiɗa haifaffen Ingila da ya zauna a Ohio, Henry Worrall, ya wallafa wani kiɗan jita mai suna Sebastopol, bisa sunan birnin da aka yi wa ƙawanya a yaƙin Kirimiya. Don 'yan matan gidajen masu hali aka tsara irin waɗannan kiɗe-kiɗe, su kaɗa wa baƙi a falo. Amma kiɗan ya fice daga takarda ya bi kunne, har ya isa ƙauyukan baƙar fata na kudu, inda irin ɗaurin tsirkiyarsa ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan kiɗan bulus, wato kiɗan koke na baƙar fatar Amurka. A faifanta na farko yana nan da sunan Vastopol, kusa da wani ɗan'uwansa na falo da take kira Spanish Flang Dang. Yarinyar da ba ta gama firamare ba ta ɗauki abin da aka buga a maɗaba'a don wasu, ta ji shi a hannun maƙwabta, ta sake gina shi a kan juyayyiyar jita. Malamanta na da yawa, kawai dai babu wanda ya rubuta sunansu.

Waƙoƙinta na wancan lokaci na yarinya ne, amma yarinyar da ta san abin da ke kewaye da ita. A Freight Train mai magana yana roƙo ne kada a faɗi jirgin da ya hau don kada a san inda ya nufa, sannan ya nemi idan ya mutu a binne shi inda zai riƙa jin jirgi yana wucewa. Gudu da mutuwa a bakin 'yar shekara 11 ba abin mamaki ba ne a kudancin Amurka na wancan zamani, inda jirgin ƙasa shi ne hanyar tsira zuwa arewa ga wanda ya iya biyan kuɗinsa. Wata kuma, Oh Babe It Ain't No Lie, ta yi ta ne a kan wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ta yi mata ƙarya wajen mahaifiyarta har aka hukunta ta. Ba ta da ikon mayar wa babba magana, sai ta zuba amsar a waƙa.

Daga nan shiru ya biyo baya. Ta shiga cocin Baptis, dattawan cocin suka ce mata ta rabu da waƙoƙin duniya. A Nuwamban 1910, tana shekara 17, ta auri Frank Cotten, suka haifi 'ya ɗaya, Lillie. Ta ajiye jita fiye da shekara 25, tana aikin gida tsakanin Karolina ta Arewa da New York da Washington, daga baya auren ya mutu ta koma wajen 'yarta. An saba ɗora wa cocin laifin wannan shiru, kuma yana da nasa kaso, amma ita kanta ba ta taɓa juya wa addininta baya ba, har tsufanta tana rera waƙoƙin coci a dandali. Babban abin da ya rufe mata hanya shi ne babu hanyar tun farko. Kamfanonin faifai sun fara naɗar mawaƙan bulus baƙar fata ne a 1920, da Mamie Smith, kuma matan da suka nema su ne masu manyan muryoyi na gidajen wasa, irin su Ma Rainey da Bessie Smith. Mace mai jita da ta ratsa wannan kasuwa, kamar Memphis Minnie, ɗai-ɗai ce. Matar aure mai raino, mai wanki da guga a gidan wasu daga safe zuwa dare, babu wanda zai zo ya neme ta.

Masana tarihin kiɗa kan lura da wani abu a nan. Da yake ta ajiye jita kafin faya-fayan bulus su bazu su sauya kunnen jama'a, abin da aka naɗa daga gare ta daga baya ya riƙe kamannin kiɗan baƙar fata na farkon ƙarni na 20, wanda kusan ba a naɗe shi a lokacinsa ba. Riba ce babba ga masu bincike. Amma ita da shekarun ƙuruciyarta ta biya kuɗin wannan riba, bai kamata a faɗi ɗaya a manta da ɗayan ba.

A tsakiyar shekarun 1940 tana aikin sayar da 'yan tsana a babban kantin Lansburgh's na Washington, sai ta ga wata yarinya ta ɓata tana kuka, ta kama hannunta ta kai ta wajen uwarta. Yarinyar ita ce Peggy Seeger. Uwar kuwa Ruth Crawford Seeger ce, ɗaya daga cikin fitattun masu tsara kiɗa na Amurka, matar Charles Seeger masanin ilimin kiɗa, uban shahararren mawaƙi Pete Seeger. Ruth ta ɗauke ta aiki a gidansu, tana girki da guga da kula da yara, Mike da Peggy da Barbara da Penny. Ƙaramarsu Penny ce ta kasa furta sunanta ta riƙa ce mata Libba, sunan da ta karɓa ta riƙe. Gida ne da kullum ake sauraron waƙoƙin gargajiyar da aka naɗo daga ƙauyuka da gidajen yari na kudu, Ruth tana mayar da su rubutu. Duk da haka sai da aka shafe shekaru kafin su san cewa matar da ke musu girki tana ɗauke da irin abin da suke nema a cikin faya-fayai. Ba tambayarta aka yi ba. Ita ce wata rana ta ɗauko jitar gidan ta zauna tana tuno abin da yatsunta suka sani, aka shigo aka same ta.

Don haka idan aka ce iyalan Seeger sun gano ta, maganar tana buƙatar gyara, domin ita ta bayyana kanta. Amma abin da suka yi bayan nan ba ƙarami ba ne, kuma rashin adalci ne a raina shi. Mike Seeger musamman ya ɗauki rikodarsa yana zuwa gidanta, ya naɗi kiɗanta a ɗakin kwananta, ya kai wa Moses Asch na kamfanin Folkways, faifan ya fito a 1958 tana shekara 65. Shi ne kuma ya zauna kusa da ita a 1960 a kwalejin Swarthmore lokacin da ta fara wasa a gaban jama'a.

Sai dai waƙar ta riga mai ita fita duniya. Peggy ta tafi Ingila tana rera Freight Train a wuraren wasa, a daidai lokacin da samarin ƙasar suka rungumi wani kiɗa da ake kira skiffle, wanda ba ya buƙatar komai sai jita mai araha, allon wanki, da akwatin ganyen shayi da aka ɗaura wa sanda da igiya. Waƙar ta dace da su, ga sauƙin kamawa ga daɗi, har ƙungiyar farko ta John Lennon na Beatles a Liverpool, Quarrymen, tana cikin masu kaɗa ta. A nan ne batun haƙƙin mallaka ya shigo, kuma yana da kyau a fahimci yadda abin ke aiki, domin ba ita kaɗai ya ci ba. Dokar wancan lokaci takarda ta sani. Waƙar da ke yawo a baki, ba a rubuta ba, ba a yi mata rajista ba, ana ɗaukarta ta gargajiya ce, ta kowa da kowa. Wanda ya fara kai ta ofis ya ce shi ya tsara ta ko ya gyara ta, shi zai riƙa karɓar kuɗi duk lokacin da aka sayi faifai ko aka sa ta a rediyo. Kalmar gargajiya kuwa an fi saurin liƙa ta ga abin da ya fito daga bakin talaka, baƙar fata, ko mace, kamar dai irin waɗannan mutane ba sa ƙirƙira, gado kawai suke ci.

Misalan suna nan a rubuce. Waƙar Goodnight, Irene ta mawaƙi baƙar fata Lead Belly tana ɗauke da sunan John Lomax, mutumin da ya naɗe shi, a matsayin abokin tsarawa. Mbube, wadda Solomon Linda ya naɗa a Johannesburg a 1939, ta zama Wimoweh a bakin Pete Seeger da ƙungiyarsa ta Weavers, ta sake zama The Lion Sleeps Tonight a 1961, ta tara dukiya mai yawa, Linda kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 iyalansa suka cimma sulhu da masu riƙe da haƙƙin. Gidan Seeger da Wimoweh ta bi ta cikinsa shi ne gidan da ya tsaya wa Elizabeth Cotten har aka amince cewa Freight Train tata ce aka mayar da sunanta a kai. Wannan ya nuna cewa cutar a cikin tsarin take, mutanen kirki ma sun ci ta hanyarsa. Ita ta samu nata ne domin tana da shaidu masu faɗa a ji, waɗanda suka ji waƙar daga bakinta kafin ta ƙetare teku. Linda bai samu irinsu ba a lokacin da yake raye.

Shekarun 1960 lokaci ne da ɗaliban jami'o'in Amurka suka tashi neman tsofaffin makaɗan bulus. A 1963 aka je garin Avalon na jihar Misisipi aka samo Mississippi John Hurt, a 1964 aka samo Skip James da Son House. Dukkansu sun yi faya-fayai a ƙuruciyarsu, da waɗannan tsofaffin faya-fayai aka bi sawunsu. Ita ba ta da wani tsohon faifai da za a bi, sabuwar shiga ce mai shekara kusan 70. Ta yi wasa a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport na 1964, ta ci gaba da zagaya jami'o'i da bukukuwa fiye da shekara 20, tana ba da labarin kowace waƙa kafin ta kaɗa, tana sa masu sauraro su amsa mata. Wata 'yar jiharsu, Etta Baker, ta bi kusan irin wannan hanya: an naɗi kiɗanta a 1956, makaɗa da yawa suka koya daga gare shi, ita kuma ta ci gaba da aiki a masana'antar tufafi, faifanta na kanta bai fito ba sai 1991 tana shekara 78.

Abin da ya fi burge ni a wannan zango shi ne ba ta yarda ta zama kayan tarihi ba. Masu sauraro da dama sun zo ne su ji tsohon zamani, ita kuwa ta koma ƙirƙira. Faifanta na biyu, Shake Sugaree, ya fito a 1967, kuma waƙar da ke ɗauke da wannan suna a gida aka haɗa ta, da dare, lokacin kwantar da tattaɓa-kunnenta, kowane yaro yana kawo baitinsa. Magana ce a kan wanda ya kai duk abin da ya mallaka jingina, amma karinta mai sanyi ne irin na rarrashi. Ba ita ta rera a faifan ba, ta bar wa tattaɓa-kunnenta Brenda Evans mai shekara 12, ita tana bayanta da jita. Faifai na uku, When I'm Gone, ya biyo baya a 1979.

Karramawar ta zo a makare, amma ta same ta da rai. Da kuɗin wasa da na faifai ta sayi gida a birnin Syracuse na jihar New York ta zauna da iyalinta. A 1984 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba ta lambar girmamawa mafi girma da take ba masu fasahar gargajiya. A 1985, tana shekara 92, faifanta na wasan dandali da kamfanin Arhoolie ya fitar ya ci kyautar Grammy. Ta rasu a Syracuse ranar 29 ga Yunin 1987 tana da shekara 94. A 2022, shekara 35 bayan rasuwarta, aka shigar da sunanta zauren tunawa da gwanayen kiɗan rock and roll a sahun waɗanda suka share fage.

Tasirinta ya bi hanyoyin da ba su yi kama da juna ba. Mawaƙan ƙungiyar Peter, Paul and Mary sun rera Freight Train a 1963, Chet Atkins ya kaɗa ta ba tare da murya ba, Jerry Garcia da ƙungiyar Grateful Dead sun ɗauki Oh Babe It Ain't No Lie. Wanda ya fi ma'ana a wurina shi ne na baya-bayan nan, inda matasan baƙar fata suka dawo suna karɓar banjo da kiɗan tsirkiya na kudu a matsayin gadonsu bayan an daɗe ana ɗaukarsa na farar fata ne kawai. Rhiannon Giddens, 'yar Karolina ta Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Carolina Chocolate Drops, ta rera Shake Sugaree a faifanta na 2015.

Da wuya ka buɗe littafin koyon kaɗa jita da yatsu ba ka tarar da Freight Train a darussan farko ba, domin tana koya wa ɗalibi abu mafi wuya a wannan fanni, wato raba yatsun hannu ɗaya su yi aiki biyu a lokaci guda. Kusan duk masu koyon na dama ne, don haka littattafan sun mayar da aikin yatsun yadda aka saba, babban yatsa a kan masu kauri, manuni a kan sirara. Amon kowace tsirkiya yana fita daidai, amma nauyin ya koma ƙasa, karin waƙar ya yi siriri. Mai son jin bambancin sai ya nemi bidiyonta na shirin talabijin na Pete Seeger, Rainbow Quest, na tsakiyar shekarun 1960, ko wasu da ke YouTube, ya gwada da na kowane malamin jita da ke koyar da waƙar a yau.